Haɗin da ba ki san abin da ke cikinsa ba

Wata 'yar kasuwa daga Kano ta rubuto cewa shekara uku ke nan tana sayar da kayan gyaran jiki da na kwalliya a gida, kuma yawancin masu sayenta manyan mata ne da suka haura arba'in da biyar. Abin da ya fi tafiya a hannunta wani haɗin man shafawa ne da ɗiyar yayarta take haɗa mata. Roba ɗaya tana tsaya mata naira 3,500, ta sayar 9,000, kuma takan sayar da kamar 40 a wata, domin a cewarta cikin mako biyu mace take yin haske, tamojin fuska ya kwanta. Yanzu za ta kwashi adashen naira 600,000, tana so ta zuba shi duka a haɗin, ta buga takarda mai sunanta ta manna a robobin, ta fara aikawa Kaduna da Abuja. Tambayarta ita ce ko ta ƙara da bashin banki.

Hajiya, kada ki ci bashin, kuma ba zan tsaya a kansa ba domin ba shi ne matsalarki ba. Na karanta wasiƙarki sau biyu, na ga kuɗin sari, na ga riba, na ga garuruwan da kike hange, amma ban ga sunan abu ko ɗaya da ake zubawa a cikin robar nan ba. Ba ki faɗa ba ne saboda ke ma ba ki sani ba, kuma a kan wannan abin kike shirin manna sunanki.

Man kaɗanya da zuma da kurkur ba sa sauya launin mace cikin mako biyu, komai iya haɗin mai haɗawa. Abubuwan da ke yin wannan saurin sanannu ne: maganin kumburin fata mai ƙarfi irin clobetasol, wanda ake matsowa daga bututu a cakuɗa cikin mai, da sinadarin hydroquinone, da kuma makuri. Na farkon yana sa fata ta yi sumul a makonnin farko, daga baya ya siranta ta har jijiyoyi su fito kore-kore, nankarwa ta tsattsage a damtse da cinya, rauni kuma ya riƙa jinkirin warkewa. Na biyun, idan aka daɗe a kansa, yakan bar baƙin tabo a kumatu wanda yake da wuyar fita. Makuri kuwa ƙoda yake taɓawa. Ki duba su wa kike sayar wa: matan da al'ada ta ɗauke musu ko take shirin ɗaukewa, fatarsu ta riga ta fara sirancewa da bushewa da kanta, da yawansu kuma suna fama da hawan jini ko ciwon suga, waɗanda irin wannan magani kan iya tsanantawa idan aka daɗe ana shafe jiki da shi. Dawowar da suke yi duk wata, wadda kike lissafawa a matsayin ciniki, ta yiwu dole ce ke dawo da su, domin da zarar an daina shafawa fuska kan yi ƙaiƙayi da ƙuraje.

Ba na zargin ɗiyar yayarki da mugunta. Wasu daga cikin yaran nan a ajin kwana uku na WhatsApp suke koyon haɗi, su sayi mai da ruwan ƙara haske a kwalaben da ba su da ko takarda, su ma ba su san me suka saya ba. Amma kunya da zumunci sun hana ki yi mata tambayar da za ki yi wa kowane dila a Sabon Gari kafin ki ba shi ko sisi. Ki kira ta ta haɗa a gabanki, ta ajiye kowace kwalba da kowane bututu a kan tabarma ki karanta. Idan ta ce sirrin sana'a ne, to cinikinku ya ƙare, zumunci ya ci gaba.

Na taɓa zama da wata baiwar Allah da ta yi irin wannan sana'a, masu sayenta duk matan islamiyyarsu ne. Wata uwar amarya ta ninka shafawa domin biki ya matso, saura kwana goma kumatunta suka ƙone suka yi jawur, ta yi zaman bikin 'yarta da mayafi a fuska. Ba wanda ya tambayi wa ya haɗa man. Wadda ta miƙa robar ta karɓi kuɗi ita aka sani. Kafin a watse daga ɗaurin aure labari ya zaga dangi biyu. Ta biya kuɗin asibiti, ta zubar da robobin da suka rage, sannan turaren wuta da humra da ta shekara goma tana sayarwa lafiya su ma aka daina saye. Ita ko takarda ba ta manna ba. Ke kuwa za ki rubuta sunanki da lambar wayarki a kan kayan da ba su da rajistar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, alhali ta haramta makuri da irin wancan maganin kumburi a kayan shafa, kuma a 2023 ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a Najeriya. Ribar naira 220,000 a wata ba za ta biya rana ɗaya ta irin wannan ba, kuma duk kayan da ribarsa ta zarce uwar kuɗinsa haka, ya kamata ya sa ki tsaya ki yi bincike tun kafin yau.

Abin da ya ba ni haushi shi ne kina riƙe da kasuwa mai kyau kina neman ɓata ta. Babbar mace tana da kuɗinta, ba ta yawan canza wurin saye, kuma idan ta yarda da ke za ta kawo miki ƙannenta da surukanta. Abin da fatarta ke buƙata ba ya ƙarewa: mai mai riƙe danshi, musamman da hunturu, man kaɗanya mai tsabta, gilsarin, sabulu marar kaushi, da man kariya daga rana. A kwalliya kuma, hoda mai nauyi tana taruwa ne a cikin tamoji ta ƙara fito da shekaru, fandeshin da ya fi fatar wuya haske yana tona asiri daga nesa. Wadda za ta zaunar da Hajiya ta gwada mata launi a gefen muƙamuƙi, a tsakar gida inda akwai hasken rana, ta fi mai alƙawarin mako biyu daɗewa a sana'a, ko da ribarta ba ta wuce kashi 25 ko 30 cikin ɗari ba.

Daga adashen nan ki ajiye 200,000 kada ki taɓa. Ki saro kaya masu lambar rajista da ranar lalacewa da kamar 300,000, daga dilan da zai ba ki rasiti, sauran kuma ki riƙe don abin da aka fi tambaya. Ki buɗe littafi mai sunan kowace mai saye da abin da ta ɗauka da ranar da ta ɗauka. Idan har yanzu kina son kaya mai sunanki, sai ki yi rajistar sunan kasuwanci a CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni, ki tsayar da haɗin da kika san awon kowane abu a cikinsa, ki kai shi NAFDAC.

Kafin duk wannan, akwai matan da ke shafa haɗin a daren nan. Ki dakatar da sayarwa, ki kira su ɗaya bayan ɗaya, duk wadda ta wuce wata biyu ko uku a kansa ki ce ta ɗauki robar ta je wurin likitan fata, kamar a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, kada kuma ki ba ta wani haɗin da sunan gyara.