Amsa: takardar hidima ba albashi ba ta ɗaure kowa

'Yar'uwa, kin ce ke da wani mutum dukkanku baligai ne a Abuja, kun amince ki zauna gidansa kina masa hidima da biyayya ba albashi, kina tambaya ko takardar da za ku sa wa hannu za ta yi aiki a kotu.

Ba za ta ɗaure ki ba. Sashe na 34 na kundin tsarin mulkin 1999 ya haramta bauta da aikin tilas, kuma sa hannu ba ya halatta abin da doka ta hana. Kotu ma ba ta tilasta wa mutum ci gaba da yi wa wani hidima. Duk ranar da kika ce kin fasa, magana ta ƙare.

Inda abin yake lalacewa shi ne ranar tafiya. Idan ya kulle ƙofa, ko ya riƙe miki waya da katin ATM da fasfo, ko ya ce sai kin biya kuɗin ci da kwana kafin ki fita, ya shiga laifi. Dokar VAPP ta 2015 mai hana cin zarafin mutane, wadda hukumar yaƙi da fataucin mutane ta NAPTIP ke aiwatarwa a Abuja, ta tanadi hukunci kan tauye 'yanci, da raba mutum da danginsa, da mayar da shi ba shi da ko sisi sai abin da aka ba shi.

Ni dai rashin kuɗin shiga ya fi damuna. Ki riƙe asusun bankinki da makullinki, takardunki su zauna wajen wata aminiya, sannan ki kai wa lauya takardar ya duba kafin ki sa hannu.