Tsohuwar durowa ta: fenti ya ƙi zama

Tambaya: Anti, ina da tsohuwar durowar katako da na gada, ba na son rabuwa da ita. Na shafa mata fenti amma ya ɓare. Ina kuma so in liƙa mata furannin takarda. Yaya zan yi?

Amsa: Ƙanwata, kin burge ni, don katakon da ya fi na yanzu ƙwari. Abin da ya ɓare miki fenti shi ne tsohon man sheƙin da ke jikinta, santsi gare shi, fenti ba ya kama shi. Ki wanke ta da sabulu ta bushe, ki goge da samfefa har sheƙin ya dushe. Ki ɗan jiƙa wurin kuma ki sa takunkumi, domin wasu tsofaffin fenti suna ɗauke da dalma, ƙurarsu guba ce, musamman ga yara. Sai ki shafa fentin share fage, sannan launin da kike so, siriri-siriri sau biyu.

Liƙin furannin ne ke son haƙuri. Ni na fi son tishu mai zane: ki ɓare shi, ki ɗauki fallen sama kawai. Ki sirka farin gam da ruwa kaɗan, ki shafa a katakon, ki ɗora takardar. Ki shimfiɗa leda a kai, ki lallaɓa da yatsa daga tsakiya zuwa gefe har iska ta fita, kada ki ja, yagewa zai yi. Bayan ya kwana ya bushe, ki bi da man sheƙi marar launi sau uku, kina barin kowane shafi ya bushe.