Jiri Da Hajijiya: Amsoshin Likita Ga Masu Tambaya Daga Kumasi

Tambayoyin wannan mako duk a kan jiri suka taru. Jiri alama ce, kuma cututtukan da ke kawo shi suna da yawa. Shi ya sa nake fara tambayar mai shi abu uku: ɗaki ne ke juyawa ko ido ne ke yin duhu, tsawon wane lokaci yake ɗauka, kuma me ke tayar da shi.

Tambaya: Likita, shekaruna 58. Mako uku ke nan, in na juya dama a kan gado ko na ɗago daga sujada, sai ɗakin ya riƙa juyawa da ni. Kafin in ƙirga talatin ya tsaya. Wasu sun ce iska ce, wasu sun ce jinina ne ya yi ƙasa. Daga wata Hajiya a Aboabo.

Amsa: Hajiya, sannu, Allah ya ba ki lafiya. Ki kwantar da hankalinki, yadda kika kwatanta ya fi kama da hajijiyar da ke tasowa daga cikin kunne. Can ciki, bayan dodon kunne, akwai ƙananan bututu uku masu lanƙwasa, cike da ruwa. Su ke sanar da ƙwaƙwalwa cewa kai ya motsa. Kusa da su akwai wasu ƙwayoyin sinadarin kalsiyam da suka fi yashi ƙanƙanta. Yawan shekaru ko buguwa a kai kan sa su ɓalle su faɗa cikin bututu ɗaya. Da kin juya kai sai su gangara, su kaɗa ruwan, ƙwaƙwalwa ta ɗauka juyi kike yi alhali kina kwance. Da sun kwanta sai abin ya lafa, galibi kafin minti ɗaya.

Gwajinsa ba ya buƙatar na'ura. Za a zaunar da ke a gadon asibiti, a karkata kanki gefe, a kwantar da ke da hanzari ana kallon idanunki. In ƙwayar idon ta fara rawa, an kama shi. Maganin ma da hannu ake yi: a juya kanki mataki-mataki, ana tsayawa kamar rabin minti a kowane, har ƙwayoyin su koma mazauninsu. Wani likitan Amurka, John Epley, shi ya fito da dabarar, kuma yawancin mutane a zama ɗaya ko biyu suke samun sauƙi. Na sha ganin tsohuwa ta shigo tana dafe da bango, jikarta na riƙe da jakarta, ta fita da ƙafarta tana hamdala. Ki nemi a tura ki sashen kunne, hanci da maƙogwaro na asibitin Komfo Anokye. Kafin nan ki yi sallarki a zaune, addini ya sauƙaƙa, kuma kada ki hau kujera don ɗauko kaya. Yakan dawo, amma maganin dai shi ne.

Tambaya: Ina ɗaukar kaya a kasuwar Kejetia. In na miƙe sai idona ya yi duhu, zuciyata na bugawa. Al'adata tana wuce kwana takwas da gudaji. Ina shan malt da madara amma ban ga canji ba.

Amsa: 'Yata, naki daban yake da na Hajiya. Ina zargin ƙarancin jini, kuma al'adar nan mai yawa ita ce ƙofar da yake zurarewa. Malt da madara suna cika ciki, amma ba su da wadataccen sinadarin ƙarfen da jiki ke gina jini da shi, ki adana kuɗinki. Ki je a auna jininki. A wajen mace, ƙasa da 12 ƙaranci ne, mai ciki kuwa ƙasa da 11. A haɗa da gwajin zazzaɓin cizon sauro da na sikila, a kuma yi hoton mahaifa, don ƙarin da ke fitowa a mahaifa yana yawan jawo irin wannan zubar. In an ba ki ƙwayar ƙarin jini, bayan gida zai yi baƙi, kada ki tsorata. Ki sha ta da ruwan lemun zaƙi, ba da shayi ba, ki kuma ci gaba har wata uku bayan jinin ya daidaita. Ki riƙa cin wake, zogale, ganyen gwaza da hanta in an samu. Ranar da ake zafin rana kuma, ruwan leda kada ya rabu da hannunki.

Tambaya: Direban trotro (motar haya) ne ni, ina shan maganin hawan jini da na suga. Da safe in na tashi sai in yi tangaɗi. In daina maganin?

Amsa: Malam, kada ka daina da kanka. Ka sa a auna hawan jininka kana kwance, a sake aunawa bayan ka miƙe da minti uku. In lambar sama ta sauka da 20 ko fiye, likitanka zai gyara maganin. In kuma jirin yana zuwa da gumi, rawar hannu da yunwa, suga ne ya faɗi, musamman in ka sha magani ka fita ba kari. In sugan ya yi ƙasa da 4 a ma'aunin suga, ka sha abu mai zaƙi nan take. Ka zauna bakin gado tukuna kafin ka miƙe. Ina roƙonka, ranar da kake jin jirin kada ka kama sitiyari, rayukan mutane ne a bayanka.

Tambaya: Mahaifinmu a Asawase yana yin hajijiya ta sa'o'i da amai, kunnensa na hagu yana ƙara, jinsa ya ragu. Wata biyu yana shan maganin jiri na Stugeron daga kemis.

Amsa: Wannan ya yi kama da cutar Meniya, inda ruwa ke yin yawa a cikin kunne. Tashinta kan ɗauki daga minti 20 zuwa sa'o'i 12. Baba yana buƙatar gwajin ji da ganin likitan kunne. A rage masa gishiri, dunƙulen magi da kifin gishiri. Stugeron na kwanaki kaɗan ne lokacin da abin ya tsananta. Shan sa wata da watanni yana hana ƙwaƙwalwa koyon daidaita jiki, yana kuma iya sa tsoho barci da rawar hannu. Ku faɗa wa likita ko an taɓa yi masa allurar jentamaisin, wani maganin kashe ƙwayoyin cuta, domin tana iya lalata kunne.

Ku kuma sa ido sosai, tunda dattijo ne. In jirin ya zo farat ɗaya tare da karkacewar baki, nauyin harshe, ganin abu bibbiyu, mutuwar hannu ko ƙafa, matsanancin ciwon kai, ko ya kasa tsayuwa sam, wannan alamar shanyewar ɓarin jiki ce. Kada ku ba shi abinci ko ruwa, kada ku jira gari ya waye. Ku duba agogo ku riƙe lokacin da abin ya fara, ku kira 112 ko ku sa shi a mota zuwa sashen gaggawa.