Amsa ga Hajiya kan 'yar da ake wa gorin ƙiba

Salamu alaikum. Hajiya, na saurari saƙonki kan 'yarki mai shekara 16 da ake ce wa lukuta a makaranta, har ta daina karyawa da safe, ta kama shan shayin rage ƙiba. To kafin a je makaranta, a fara gyara gida. "Ke kam ba kya ƙoshi?" ɗin nan da ake faɗa cikin wasa, shi ma gori ne.

Gori ba ya rage ƙiba, sau da yawa ma ƙara ta yake yi. Damuwar yau da gobe tana sa jiki ya riƙa sakin sinadarin kotisol, shi kuma yana tayar da kwaɗayin zaƙi da maiƙo. Yarinya ta wuni da yunwa don kunyar idon mutane, dare ya yi yunwar ta ci ƙarfinta, ta shige ɗaki da masa da lemon kwalba, ta ci a ɓoye har ya wuce kima. Sai haushin kanta ya kama ta, gobe ta sake horar da cikinta. Daga nan ake shiga ƙuncin rai da gudun mutane.

Shayin nan kuwa, ki karɓe shi yau. Da yawansu filasko ne a ciki, gudawa kawai suke sawa. Ruwa da gishirin jiki ne ke fita, kitse yana nan.

Ta ci sau uku, tare da kowa, kada a ware mata tukunya. Rabin faranti ganye, zogale ko alayyahu, kwata wake, kifi ko awara, kwata tuwo ko shinkafa. Lemon kwalba kuma gidan duka za a rage, ba ita kaɗai ba. Motsa jiki awa ɗaya a rana ake so ga sa'o'inta, amma ku fara da tafiyar minti 20 bayan la'asar, ke da ita. Ki ɗauke sikelin awo daga ɗakinta. Lissafin BMI na manya, wato ma'aunin ƙiba da ake gwada nauyi da tsayi, wancan na 25 da 30, ba da shi ake auna 'yar 16 ba.

In kin ga tana janyo amai bayan cin abinci, ko jiri da suma, ko al'adarta ta ɗauke wata 3, ko tana cewa gara ta mutu, kada ki jira. Ku je Asibitin Koyarwa na Tarayya nan Gombe. Ki roƙi likita ya duba har da maƙoƙo da ƙwan mahaifa, don matsalarsu ma kan kawo ƙiba.

Malamar ajinsu kuma ki same ta ita kaɗai, ba a gaban ɗalibai ba.