Kunne ba ya sabawa da ƙarar kan jirgin ƙasa

Jiya ka tambaye ni: "Maigida, in na toshe kunne yaya zan ji jirgi in ya taho? Ai ma na fara sabawa da ƙarar." Wannan sabon da ka ambata shi ya dame ni, ɗana. Kunne ba ya sabawa da ƙara, jin ne yake raguwa.

Can ciki, bayan dodon kunne, akwai wasu ƙwayoyi masu kama da gashi, su ke kai sauti ga ƙwaƙwalwa. Ƙara mai yawa tana kashe su kaɗan-kaɗan, kuma wanda ya mutu ba ya sake tsirowa. Babu allurar da ke dawo da shi. Da desibel ake auna ƙarfin ƙara, masana kuma sun sa iyaka a desibel 85 na awa 8. Da an ƙara 3, lokacin ya ragu da rabi: 88 awa 4 ke nan, 100 kuwa minti 15 kacal. Mu ba mu yawo da na'urar awo, amma in sai ka ɗaga murya kafin wanda ke tsaye tsawon hannu da kai ya ji ka, to wurin ya kai iyakar. Ka tuna yadda muke magana da hannu in an tayar da injin dizal a cikin shago.

Ni ban sani ba sai da ya ci ni. Da dare in gari ya yi tsit, kunnena na hagu kuka yake kamar gyare ya shiga ciki. Jikata ta zo tana ba ni labari, muryarta nake ji amma kalmomin a cakuɗe, sai dai in bi bakinta da ido.

Auduga ba ta tare komai, kada ka yaudari kanka. Matoshin soson nan za ka murza ya sirance, ka ja kunnen sama da ɗaya hannun, ka tura, ka riƙe har ya kumbura. In za ka gurza ƙarfe ko bugun guduma, ɗora marufin kunne a kai.

Batun jin jirgi kuwa, matoshi rage ƙara yake yi, odar jirgi za ta ratsa shi. Kuma a kan layi, idonka da mai tsaro mai tuta su ne madogararka. Ranar hutunka ka je Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a nan Kaduna a gwada jinka, ka ajiye takardar, baɗi a sake a kwatanta.