Sayen hoton ado da adana shi

Ka tambayi abin dubawa kafin ka sayi hoton ado a hannun mai ɗaukarsa, da yadda zai daɗe. Fara da tawada: ta pigment, wato mai ƙwayoyin garin launi, a kan takardar auduga ta fi ta rini jure haske, nesa ba kusa ba. Nemi sa hannunsa da lambar kwafi, kamar 3/25, wato na 3 cikin 25 kacal.

Wajen sa firam aka fi ɓarna. Kada fuskar hoton ta taɓa gilashi, don danshi kan manne su, in an ɓamɓare launi ya bi gilashin. A sa kwali marar asid a tsakaninsu ta gefe-gefe. Salatif kuwa, kul, tabo rawaya yake bari. Rataye shi inda rana ba ta duka, danshin ɗaki kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari.