Tambayi Likita: 'Yata Ta Ƙaurace Wa Abinci

TAMBAYA: Likita, lamarin 'yata mai shekara 16 ya hana ni barci. Tun bara da muka je biki gwaggonta ta ce mata "kin zama buhun gero", ta daina taɓa tuwo. Azumin Litinin da Alhamis ya koma kusan kullum, in an sha ruwa sai kokwamba da wani shayin rage ƙiba da ta saya a Instagram. Wata huɗu ba ta ga al'ada ba, ga rigar sanyi a tsakiyar bazara. Shekaranjiya ta yanke jiki ta faɗi a islamiyya. Babanta ya ce iyayi ne, surukata ta ce a kai ta ruƙiyya. Ita kuwa har yau cewa take ta yi ƙiba. Daga wata uwa a Zariya.

AMSA: Hajiya, ki kai ta asibiti gobe da safe, kada ki jira mako ya zagayo. Faɗuwar nan da ɗaukewar al'ada sun nuna jiki ya fara kasawa.

Ban duba ta ba, amma abin da kika zayyana ya yi kama da cutar da muke kira anoreksiya. Ciwon ƙwaƙwalwa ne, yana cikin waɗanda suka fi kisa a wannan ɓangaren, sau da yawa ta hanyar zuciya. Tarin fuka, ciwon suga da tsutsar ciki duk suna ramar da mutum, za a gwada su ma. Sai dai masu waɗannan kukan rama suke yi. Wadda ƙashin wuyanta ya fito, ta tsaya gaban madubi tana ganin teɓa, maganarta daban ce.

Shayin nan ya fi tayar mini da hankali. Da yawansu filasko ne a ciki, gudawa kawai suke sawa. Ruwa ke fita, ba kitse ba, tare da wani sinadari mai suna fotasiyam wanda bugun zuciya ya dogara da shi. Ki ɗauke shayin yau, ki tafi wa likita da kwalinsa. Ki kuma sa ido a hankali: tana faɗawa banɗaki da zarar ta ci wani abu? Kumatunta sun kumbura ta wajen kunne? Akwai kanta a bayan yatsunta, ko haƙora sun fara zaizayewa? Waɗannan alamun amai ne da gangan. Yunwar kuma kan sa gashin kai ya zube, wani mai laushi ya tsiro a hannu da baya.

Azumi kuwa, nan ne ake yawan ruɗar iyaye, don wa zai hana yarinya ibada? A sa malamarta ta islamiyya ta faɗa mata da bakinta cewa marar lafiya an ɗauke masa ko na Ramadan, balle nafila. Addu'a a yi ta, amma a kan hanyar asibiti.

Kada ku yi mata ɗure. Jikin da ya daɗe da yunwa in aka antaya masa abinci lokaci guda, sinadaran jini kan hargitse har zuciya ta tsaya, shi ya sa ake ƙarawa kaɗan-kaɗan ana gwada jini. Kuma in wata ta kawo miki "sha ka fashe", ki mayar mata da kayanta. Masu shansa don su yi ƙiba ma marasa lafiyata ne, da hawan jini da suga suke zuwa.

Asibitin koyarwa na Shika yana kusa da ke, akwai sashen ƙwaƙwalwa. Akwai kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa, Kaduna. Ki tafi da babanta ya ji da kunnensa. In za ki yi mata magana daren nan, kada ki ambaci rama ko ƙiba. Ki ce, "Faɗuwarki ta tsorata ni, gobe za mu je a duba zuciyarki."